Da gaske ana daskarar da ƙwayoyin zarra don yin man roka?

Tambaya: Malam, na ji wai masana suna ɓoye ƙwayoyin zarra (atom, mafi ƙanƙantar ɓurɓushin sinadari) a cikin ƙanƙara don su samu man roka da ya fi na yanzu ƙarfi. Gaskiya ne ko labarin ƙanzon kurege?

Amsa: Gaskiya ne ɗan'uwa, sai dai har yau ba rokar da ta tashi da irin wannan mai.

Ƙwayar zarrar haidirojin ba ta iya zaman kaɗaici. Da ta ci karo da 'yar'uwarta sai su manne, su saki zafi. Kilo ɗaya na irin waɗannan ƙwayoyi, in suka haɗu bibbiyu, yana ba da makamashi wajen megajul (ma'aunin makamashi) 216, alhali kilo ɗaya na haidirojin da oksijin, wanda injinan kumbon Amurka Space Shuttle suka riƙa ƙonawa, 13 ne da 'yan kai. Abin da ya sa wa masana kwaɗayi ke nan.

Dabarar ita ce a hana su haɗuwa sai sun isa injin. Haidirojin na yau da kullum, wanda ƙwayoyinsa sun riga sun haɗu bibbiyu, na daskarewa a digiri 259 ƙasa da sifili a ma'aunin Selsiyos, to sai a binne ƙwayoyin a cikinsa ɗai-ɗai, kamar zakarun faɗa kowanne a akurkinsa. Cibiyar Glenn ta NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, da ke jihar Ohio ta gwada barbasa daskararren haidirojin a ruwan hiliyam, mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifili, don a iya tura shi ta bututu.

Abin ba sabo ba ne. Tun tsakanin 1956 da 1959 hukumar ma'aunai ta Amurka ta yi wannan bincike a ƙarƙashin Herbert Broida, daga baya sojojin saman ƙasar suka ɗora da ƙwayoyin boron, litiyam da alminiyam, suna tsinko su da hasken leza.

Inda gizo ke saƙa shi ne yawa. Ana buƙatar ƙwayoyin su kai wajen kashi 5 cikin 100 kafin kwalliya ta biya kuɗin sabulu, amma abin da ake iya riƙewa a daskararren haidirojin bai kai kashi 1 ba. In an matsa su, biyu za su haɗu, zafinsu ya sassauta ƙanƙarar da ke kewaye, na kusa su kuɓuta su ma su haɗu, nan take duka ya tashi. Ƙwayar haidirojin ma ta fi taurin kai, don ko a wannan sanyin tana sulalewa daga gurbi zuwa gurbi har ta sami abokiyarta. Shi ya sa ni dai na fi sa rai da boron.