An shafa wa ginina jan fenti wai titi zai bi ta ciki, ina mafita?

Tambaya: Barista barka da aiki. Shekara huɗu kenan na sayi fuloti awon igiya a bayan gari nan Kano, a hannun wani manomi da ya yanka gonarsu ta gado, muka yi takardar ciniki, mai unguwa ya sa hannu da shaidu biyu. Na yi ta lallaɓawa har ginin ya kai linta. Satin da ya wuce sai ga ma'aikatan tsara birni sun zo sun shafa jan fenti a katangata da ta maƙwabta, suka ce titi da magudanar ruwa ne za su bi ta wurin, wai tun da can yana cikin taswira. Ba su ba mu ko takarda ɗaya ba. Duk abin da na tara yana cikin ginin nan. Za a biya ni? Ko in yi sauri in rufe ginin kafin su dawo kamar yadda wasu ke ba ni shawara?

Amsa: Malam Allah ya kawo mafita, na san irin zafin da ke cikin wannan. Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe don ita ce mai gaggawa: kada ka ƙara ko bulo ɗaya. Masu ce maka ka rufe da sauri ba kuɗinsu ba ne, kuma duk abin da ka ɗora bayan an yi maka alama da wuya a lissafa maka shi idan an zo biyan diyya, sannan in magana ta je kotu lauyan gwamnati da shi zai fara, ya ce ai an gargaɗe shi ya ci gaba.

To yanzu ga yadda abin yake a doka. Tun 1978 Dokar Amfani da Filaye ta ɗora duk ƙasar da ke cikin jiha a hannun gwamna a matsayin amana, abin da ni da kai muke riƙe da shi haƙƙin zama ne da amfani. Gwamna shi ke ba da wannan haƙƙi a yankin da aka ayyana a matsayin birni, ƙaramar hukuma kuma tana bayarwa a karkara bisa al'ada. Shi manomin da ya sayar maka, idan gonar tana hannun gidansu tun kafin 1978 suna nomawa, doka ta amince da riƙonsu ko da babu satifiket. Amma sashe na 36 na wannan dokar ya hana a yanka irin wannan gona fuloti-fuloti ko a sayar in tana wajen yankin da aka ayyana a matsayin birni, kuma sashe na 21 da na 22 sun ce ba a mayar da haƙƙin fili ga wani sai da amincewar hukuma. Nan ne raunin awon igiya yake. Sa hannun mai unguwa shaida ce mai kyau cewa ka biya kuɗi kuma an damƙa maka wurin, tana da amfani sosai in rigima ta tashi tsakaninka da magada ko wani da aka sake sayar wa, sai dai ba ta zama izinin gwamnati ba, kuma ba izinin gini ba ce. Gara in faɗa maka wannan a fili tun yanzu.

Amma fa kada ka karaya, don jan fenti shi kaɗai ba ya ƙwace fili. Abu biyu ne hukuma ke iya zuwa da shi kuma mutanenmu suna yawan cakuɗa su. Na farko soke haƙƙin mallaka saboda amfanin jama'a, irin su titi, makaranta, asibiti, magudanar ruwa, wannan yana sashe na 28, kuma dokar ta ce sai an yi shi a rubuce da sa hannun jami'in da gwamna ya ba izini, a kuma isar da sanarwar ga mai riƙe da filin, sashe na 44 har ya faɗi yadda ake isarwa, hannu da hannu ko a kai gidansa ko ta rajista, in ba a san shi ba a manna a wurin. Kotun Ƙoli ta sha rushe sokewar da aka yi ba tare da an ba mai fili sanarwa ba, haka kuma in aka karɓa da sunan jama'a aka juya aka ba wani attajiri ya yi harkarsa. A wannan hanyar akwai diyya. Na biyu kuma rusau ne saboda an yi gini ba izini ko an hau kan hanya ko kan hanyar ruwa, wannan yana ƙarƙashin dokar tsara birane ta jiha, kuma a nan hukuma takan ce ba ta biyan ko sisi tunda ginin ma bai halatta ba. Ko a nan ɗin ma akwai mataki-mataki, takardar dakatar da aiki, takardar saɓa ƙa'ida, sannan sanarwar rusau da wa'adi, ba wai a wayi gari da katafila a ƙofar gida ba.

Don haka aikinka na farko shi ne ka gano wanne daga cikin biyun kake fuskanta. Ku haɗu ku da maƙwabtan da aka shafa wa fentin, ku rubuta wasiƙa ɗaya zuwa hukumar tsara birane ta jiha wato KNUPDA, kofi zuwa ma'aikatar ƙasa, ku nemi a gaya muku a rubuce dalilin alamar, lambar taswirar da aka dogara da ita, faɗin titin, da kuma ko an taɓa karɓar wannan gona an biya diyya a baya. Ku tabbata an buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a jikin kofinku, wannan ƴar takardar mai hatimi wata rana ita ce za ta tsaya muku a gaban alƙali. Tambayar nan ta ƙarshe ina so ka riƙe ta da kyau, domin abin da ke faruwa da yawa shi ne gwamnati ta riga ta karɓi gonar shekaru da suka wuce, ta biya manomin ko ta ba shi kasonsa na fulotai a tsarin nan da ake ce wa kashe-mu-raba, aikin ya kwanta, ciyawa ta rufe simintin iyaka, sai shi ko ƴaƴansa su dawo da igiya da dillali su sake yankawa. In haka ne, gwamnati za ta ce ta gama biya, kai kuma haƙƙinka yana wuyan wanda ya sayar maka.

In kuwa ba a taɓa karɓa ba, to akwai maganar diyya, sai dai ka san me ake biya. Sashe na 29 na Dokar Amfani da Filaye ba ya biyan darajar ƙasar kanta yadda take a kasuwa, wanda ni a ganina zalunci ne ga talaka amma haka dokar take har yau. Abin da ake biya shi ne abin da ka ɗora a kai, gini bisa kuɗin da zai ci a sake irinsa a cire tsufa, rijiya, katanga, bishiyoyi da amfanin gona. Shi ya sa yau ɗin nan ka ɗauki hoto da bidiyo na ko'ina, har da fentin, ka tattara rasit na siminti da rodi da bulo, ka kuma samo ƙwararren mai ƙiyasta darajar gini mai rajista ya rubuta maka rahoto, kada ka jira lissafin gwamnati kaɗai. Sashe na 33 kuma ya buɗe ƙofar a sauya wa mai gidan zama wani wurin maimakon kuɗi, kuma a irin matsayinka da takardu ba su da ƙarfi, neman a sauya muku fuloti awon gwamnati da ɗan abin tallafi sau da yawa ya fi shari'a riba. In ba ka gamsu da adadin ba, dokar ta ce a kai wa kwamitin rabon filaye na jiha, sannan sashe na 44 na kundin tsarin mulki na 1999 ya ba ka damar biyan diyya cikin gaggawa da damar zuwa kotu a kan adadin.

Game da cewa titin yana cikin taswira tun da can, yana iya zama gaskiya. Kano ta taɓa samun babban tsari na shekara ashirin, 1963 zuwa 1983, wanda wani masanin tsara birane mai suna Trevallion ya zana, amma garin ya tsere wa takarda tuntuni, ya cika Kumbotso da Ungogo ya gangara Dawakin Kudu da Gezawa da Tofa, mutane suna gini kafin titi da kwalbati su iso. Sakamakon muna ganinsa duk damina, unguwa babu hanyar da motar kashe gobara za ta shiga, ruwa ya rasa inda zai bi ya shige ɗakunan mutane. Ni ina goyon bayan a fitar da hanya da magudana, kuma in ta tabbata ginin naka yana kan hanyar ruwa ne to ba zan so ka sa iyalinka a ciki ba ko da ka ci shari'a. Abin da nake ƙi shi ne a ɓoye taswira a ofis, a zuba ido mutum ya zuba gumin shekaru, sannan a zo masa da fenti. Ka ɗauki safiyo mai rajista ya ɗauko lambobin wurin ya ɗora a kan taswirar, wani lokaci za ka ga ƙafa goma ce kawai ta gaba ta shiga titi, sai a ja da baya a nemi daidaita takardun sauran.

In kun ga alamar za a rushe ba tare da amsa ba, ku ruga Babbar Kotun Jiha lauya ya nemi umarnin dakatarwa a bar komai yadda yake har a saurare ku. Kada a yi sanya, akwai dokar kare ma'aikatan gwamnati mai wa'adin wata uku da lauyoyinsu ke son ɗagawa, duk da kotuna sun ce ba ta hawa kan shari'ar neman fili, sannan wasu hukumomin sai an ba su sanarwa kafin a kai su ƙara, to lauyanka ya duba wannan tun ranar farko. Kuma don Allah kada a tare ma'aikata da faɗa ko a goge fentin, zai koma laifi a kanku.

Shi kuma wanda ya sayar maka, ka je masa da shaidun nan biyu da mai unguwa tun yanzu, a zauna a rubuta cewa in wurin ya tafi zai dawo da kuɗinka ko ya sauya maka wani. In ya ƙi, kana iya ƙararsa ka nemi kuɗinka da asarar da ka yi, in kuma ta bayyana ya san an riga an biya su diyya ya sayar, wannan ya zama damfara, kana da damar kai ƙorafi wurin ƴan sanda bayan ƙarar neman kuɗin.