Miskilin Kaboyi da Tambayoyin Yaya

Yaya, saƙonki ya iso, na saurare shi sau uku duk da tsawonsa na minti goma sha ɗaya. Na so in mayar miki da murya, sai na ga in na fara ko dai mu ƙare da faɗa ko da kuka, shi ya sa na zauna na rubuta. Tambayoyi uku kika yi mini, ko da yake kin dunƙule su wuri guda. Waɗanne littattafai ne kika hango a kanta a bayana ranar da muka yi wayar bidiyo, masu hoton Bature da malafa da ɗan coci can nesa? Ko su ne suka juya mini kai har na ba wa mai kiwon shanu 'yata? Sai ta ƙarshen, wadda kika haɗa da dariya don kada ta yi zafi: wai mu da ke nan Texas har yanzu Hausawa ne kuwa?

Littattafan na soyayya ne, irin waɗanda ni da ke muka riƙa karɓowa haya muna turawa ƙarƙashin katifa kada Baba ya gani. Su nasu Kiristoci ne ke rubutawa domin matan coci. Kamfanin Harlequin yana da jeri guda mai suna Love Inspired da ya fara fitarwa tun 1997, 'yan ƙanana ne, shafi ɗari biyu da 'yan kai, duk wata da sababbi, har a Walmart ana samunsu. Suna da ƙa'ida: ba batsa, ba ashar, jarumi ba ya shan giya. Iyakar abin da za ki tarar sumba ce ɗaya ko biyu. Wallahi wasu da ake rubutawa da Hausa yau, waɗanda sai kin biya kuɗi a saka ki a zauren WhatsApp, ba zan iya barinsu a buɗe a wayata ba. Waɗannan kuwa a falo nake ajiye su.

Jarumin kin san shi tun kafin ki gan shi. Miskili ne. Fuska a ɗaure kamar an aiko masa da saƙon mutuwa, a gaishe shi ya amsa da ka, magana sai ka ce kuɗi ake biya. Ita kuma yarinyar fara'a kamar gonar auduga, ga surutu, ga shisshigi. An ɗauko ta ne ta yi renon 'yarsa marainiya, ko ta dafa wa ma'aikatan garke abinci, ko kuma motarta ce ta mutu a bakin shingensa ana tsakiyar dusar ƙanƙara. Ranar farko zai ce mata sati ɗaya za ta yi ta koma inda ta fito. Ita kuma ta ɗaga labulen da aka shekara uku ba a ɗaga ba, ta toya burodi, ta raɗa wa dokinsa suna. Ki gaya mini, sau nawa muka karanta wannan a Kano?

Amma miskilinsu da namu ba uwa ɗaya ta haife su ba, kuma wannan ne ya riƙe ni. Namu izza ce ke damunsa. Ɗan sarauta ne ko babban soja ko likitan da ya yi karatu a waje, an yi masa auren haɗi da 'yar ƙauye, yana ganin ba ajinsa ba ce, har mari yana iya kai mata kafin shafi na ɗari uku ya gane yana sonta. Nasu ciwo ne a ransa. Ko matarsa ta rasu, ko ya dawo daga yaƙin Iraƙi da ɗingishi, ko banki na shirin ƙwace filin da ya gada tun kakanni. Talaka ne mai fili, hannunsa duk kanta. Kuma kusan kullum fushinsa na gaskiya da Ubangiji yake yi: ya daina zuwa coci tun ranar jana'iza. Saboda haka aikin yarinyar biyu ne, ta sa shi dariya, ta kuma mayar da shi kan addu'a. Ba kishiya, ba uwar miji mai bin bokaye, ba ƙawa mai zuga. Da farko har na ji labarin ya yi mini lami, na ce to ina makirar? Ashe makirinsu bashi ne da rashin ruwan sama.

Yadda na fara kuwa, ba coci aka kai ni ba. Kin tuna shekarun da nake aikin dare a gidan kula da tsofaffi, bayan zuwanmu a 1998? Akwai wata tsohuwa da ta tashi a yammacin Texas, idonta ya tafi, barci ba ya zuwa mata, ga kwali guda na waɗannan littattafai a ƙarƙashin gadonta. Ta roƙe ni in riƙa karanta mata in na gama zagaye. Turancina a lokacin na makarantar 'yan mata ne, tana gyara mini tana dariya. In miskilin ya yi wa yarinyar tsawa sai ta daki katifa ta ce haka mijinta yake sak, shekara hamsin da ɗaya bai taɓa cewa abinci ya yi daɗi ba, sai dai ya miƙo kwano a ƙara. Na ce mata ai Bahaushe kika aura ba ki sani ba.

Ba zan ɓoye miki ba, akwai ayoyin littafinsu a ciki, akwai addu'o'insu, wani lokacin har huɗubar fasto. Ba na tsallakewa. Ina karantawa in ga yadda suke roƙo in tura ta kai bango, in rufe, in yi alwala in yi asuba. Shekara ashirin da wani abu ke nan, ban ga abin da ya ragu ba. Ke ma a 2007 da aka tara littattafan soyayya aka cinna musu wuta a Kano, ai cewa kika yi wadda tarbiyyarta za ta zube saboda littafi dama can a bakin ƙofa take.

Abin da ke ba ni dariya shi ne yadda kalmar kaboyi ta tayar miki da hankali. Na san hoton da ke kanki, na finafinan da su Yaya babba ke satar fita kallo a silimar Plaza, su dawo suna harbin juna da yatsa a zaure. Ɗan daba a kan doki. Yaya, makiyayi ne kawai. Sana'ar ma daga mutanen Meziko aka koye ta, kuma cikin waɗanda suka riƙa kora shanu daga Texas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas bayan 1867 akwai baƙaƙen fata da yawa, ko da yake ba kasafai za ki gan su a bangon littafi ba. A nan Fort Worth kullum sau biyu ake kora 'yan shanu masu dogon ƙaho a tsohuwar kasuwar kara don baƙi su ɗauki hoto. Ranar da na fara gani sai na tuna Wudil ranar Juma'a, na ce wannan ai ko kwatar kara ba ta kai ba. Suna da shanu masu tozo irin namu, Brahman suke ce musu. Har coci na musamman makiyayan ke da shi, inda ake shiga da takalmin aiki, a yi wa mutum baftisma a kwamin da dabbobi ke shan ruwa. Kiwon gaske kuwa ba shi da kyan gani kamar na littafi. A-kori-kura ta fi doki aiki, kuma in kika doshi wuraren turka da ke kewayen Amarillo, wari ne zai fara yi miki maraba tun daga nesa.

To, yaron.

Kin san ba na kama sunan 'yar tawa, 'yar fari ce, kuma ko wannan kaɗai ya isa ya amsa miki tambaya ta uku. A jami'a suka haɗu, tana karatun likitan dabbobi. Da ta zo da maganar, wata biyu babanta bai yi mata magana ba, ni kuma na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Inna. Ba na so ki ɗauka da guɗa muka karɓa. Amma ku ma can ku riƙa yi mana adalci. Gidajen Hausawa nawa ne a wannan yanki? A taron suna ɗaya za ki ƙirga mu. Samarinmu da suka tashi nan, da yawa in aure ya tashi gida ake komawa a ɗauko musu mata. Waɗanda ke turo saƙo daga gida kuma, kin fi ni sanin wanda kika haɗa mu da shi, da tambayarsa ta biyu ita ce wata nawa takarda ke ɗauka kafin ta fito. Yarinya ta kai ashirin da biyar, mu jiƙa ta mu sha?

Ya musulunta kusan shekara guda kafin a sa rana. Na san abin da ake faɗa a gidan biki a can Kano, wai musuluntar aure ce. Zuciya Allah ne ya sani. Abin da na gani da idona, da azumi yana gyaran shinge a rana bai karya ba. An yi komai yadda ake yi: ƙanin babansa ya zo neman aure da malafarsa a hannu, an yanka sadaki, an ɗaura a masallaci a 2021, aminin babanta ya yi walicci. Lefe ne kawai ya ɗaure musu kai. Uwarsa ta kira ni a waya a tsorace tana tambaya ko akwatunan nan duka tafiya ce amarya za ta yi.

Kuma miskili ne, shi ya sa na san dariya za ki yi. In ya zo gidan nan zai cire malafa, ya rusuna, ya ce ina wuni Mama, shi ke nan an gama hira sai ta tafiya. Wani ya gaya masa suruki ba ya cin abinci gaban surukarsa, ya ɗauki abin da gaske, ya wuni da yunwa a gidana ranar Sallah sai da na lura na fice daga falon. Ita kuwa kin san bakinta, tun tana goye ba ta yin shiru. Amma ba littafi ne ya haɗa su ba, ita ba ta ma karanta irinsu, cewa take yi na tsofaffi ne.

Da wa nake musayarsu, in ba uwarsa ba? 'Yar Baptis ce ta gaske, kuma musuluntar ɗanta ta yi mata ciwo kamar yadda auren ya yi mini, ba ta ɓoye ba. Mun shekara muna gaisuwar nesa-nesa. A ƙarshen Fabrairun 2024 gobarar daji ta tashi a arewacin jihar, wadda aka kira Smokehouse Creek, ta cinye fiye da eka miliyan ɗaya, dubban shanu suka halaka. Ta taɓa su, shinge ya ƙone, ciyawa ta ƙone, wasu shanun da suka tsira sai da aka harbe su saboda kofatansu sun ƙone. Muka cika mota da abinci, tafiyar awa biyar da wani abu, muka je jaje. A hanya muna ta wuce tireloli ɗauke da harawa, gudummawa daga mutanen da ba su ma san su ba. Na tarar da tsohon a bakin rumfa bai ce uffan ba, ita kuma tana ta kai da kawo tana ba mutane kofi tana zolayar kowa, idonta jawur. A ɗakinta na ga kanta irin tawa. Tun daga ranar, in na gama uku in aika mata, ta aiko mini da uku. Da Babbar Sallah kuma a wurinsu gidaje bakwai na mutanenmu ke haɗa kuɗi su sayi sa, tsohon ya tsaya daga gefe yana kallon mazanmu suna fama da igiya, ya girgiza kai, ya zo ya kayar musu da shi.

Inda littattafan ke yaudara shi ne a ɗaurin aure suke tsayawa. Ba sa kaiwa ranar da jika za ta dawo daga gidan kakarta da waƙar Kirsimeti a baki, in rasa ko in yi magana ko in haɗiye. Ba sa kaiwa ranar da zan ce mata zo nan, ta zo, amma ta amsa mini da Turanci. Wannan yana ci mini rai, ba sai kin tuna mini ba. Ina yi mata tatsuniyar Gizo, tana jin rabi. Ta san saniya, ta san tuwo, ta san a'a, kuma in ta ga babanta ya shimfiɗa darduma sai ta je ta hau bayansa. Sai dai jikokinki na Abuja da kika turo mini bidiyonsu, ban ji Hausa a bakinsu ba su ma, kuma ba wanda ya tambaye ki ko ke Bahaushiya ce.

Mu nan muna yin suna da rago, muna zaman makoki, muna adashi, muna gulmar juna da Hausa tsantsa. Ranar da na yi miyar kuka maƙwabciyata ta leƙo ta tambaya lafiya.

In an samu mai zuwa ki aiko mini da kuka da daddawa da yaji, a ɗaure su da kyau, kilishi kuwa kada ki soma, ƙwacewa suke yi a filin jirgi. Surukar tawa ta ce in ba ta labarin miskili ɗaya na Kano daga farko har ƙarshe, to ki duba cikin adakar Inna ko littattafanmu na nan. Har da wanda kika ara a hannuna a 1993, mai yagaggen bango, kika ce kwana biyu za ki yi da shi.