Firinta tana nan, saba ta ce ba ta nan

Ka ce firintar tana buga takardar gwaji daga jikinta lafiya lau, amma a saba, wato babbar kwamfutar da ke raba firintar ga sauran kwamfutoci, an rubuta Offline, takardun mutane sun yi layi babu mai fita, kana tambaya ko ka goge direba, wato manhajar da kwamfuta ke magana da firinta da ita, ka sake sawa. Kar ka taɓa direban nan. Ku yaran yanzu da abu ya ƙi sai goge-goge, ba mai haƙurin zama ya karanta abin da na'ura ke faɗa. Zancen duba waya da yin ping, wato gwada ko firinta tana amsawa a netwok, kuwa ba zan ɓata bakina ba, in sai an gaya maka wannan to ka zaɓi wata sana'ar.

Sa firintar ta buga maka bayanan netwok ɗinta, ka kwatanta adireshin IP da wanda ke saba. In sun bambanta, DHCP, mai raba wa na'urori adireshi da kansa, shi ne ya canja mata, saba tana can tana sallama a tsohon gida. In ɗaya ne, shiga Configure Port a saitin firintar da ke saba ka cire alamar da ke kan SNMP Status Enabled. Da SNMP ɗin nan ne saba take tambayar lafiyar firinta, ta ƙofar netwok mai lamba 161, da sunan shiga public. In wani ya canja sunan, ko fayawol, wato katangar tsaron netwok, ya tare hanya, ba ta samun amsa, sai ta yanke cewa firinta ta mutu, alhali ƙofar 9100 da takardu ke bi a buɗe take.

Wannan 'yar alamar ce ta jawo mini asarar da har gobe ban yafe ba. Wani kamfani ne, ƙarshen wata, sashen albashi sun kasa buga komai. Wanda suka fara kira ya ce katin netwok ɗin firintar ya ƙone, a sayo sabuwa, manaja har ya sa hannu a takardar saye. Sai aka nemo ni. Muka yi da manajan rabin kuɗina a hannu, rabi in ta yi aiki. Na zauna na bi abin daki-daki, na cire alamar. Nan take firinta ta hau aman takardu, duk abin da aka tura tun safe, har suna zubewa ƙasa masinja yana tsincewa. Ban tashi ba sai da na ƙara musu aikin da ba su sa ni ba: na ware mata adireshinta a DHCP da lambar MAC ta katin netwok ɗinta don kar ya sake canjawa, na cire WSD, hanyar haɗi da Windows ya ƙirƙiro da kansa, na mayar da ita Standard TCP/IP mai bin adireshin kai tsaye.

Da na kai takardar ragowar kuɗina, manajan nan ya zare gilashi ya ce akantansa yana tsaye a bayana ya gani, linzamin kwamfuta kawai na danna sau ɗaya. "Malam, a kan danna ɗaya zan biya wannan?" Kuɗin sabuwar firintar da na hana su zubarwa bai tuna da shi ba. Yau a ce mai sa hannu ya yi tafiya, gobe a ce yana mitin, har na gaji na bar su da Allah. Sun ci moriyar ganga. To da sabuntawar Microsoft ta Satumba 2021 ta zo, kuskure mai lamba 0x0000011b ya hana kwamfutoci haɗuwa da firintocin da aka raba daga saba, shi da bakinsa ya kira ni, har da "Injiniya". Na ce ya turo ragowata tukuna. Bai turo ba, ni ma ban je ba.

In ka gyara amma layin ya ƙi motsi, tsayar da Print Spooler, mai kula da layin takardu a Windows, ka share abin da ke cikin foldar spool\PRINTERS, ka sake kunna shi. Kafin ka share ka gaya musu za su sake turo takardunsu, kar su ce ka cinye musu aiki. Tashi ka je. In ka ga wancan 11b ɗin ka kira ni, kar in ji ka shiga rajistiri, rumbun saitunan Windows, kai kaɗai.