Zanen gado: na jere daban, na kwana daban

Saƙonni huɗu na zaɓo a wannan makon, dukansu a kan zanen gado. Na Maman amarya na fi daɗewa a kai, domin abin da ta tambaya ya shafi gidaje da yawa.

*Assalamu alaikum. Zan aurar da 'yata ta fari bayan Babbar Sallah, muna ta haɗa kayan ɗaki. Ƙawayena sun ce sai na sa mata zannuwan gado shida, irin masu ƙyalli da duwatsun nan da ake yayi. Kuɗin da na ware ba zai kai shida ba sai dai in ɗebo masu araha. Mece ce shawararki? (Maman amarya, Kano)*

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sanya alheri, ya nuna mana lokacin lafiya.

Shidan nan ba wajibi ba ne, kuma ba zan ba ki shawarar ki cika akwati da masu araha don a ƙirga a ce sun kai ba. Mai ƙyallin nan ki sayi guda ɗaya tak. Shi ne na ranar jere, shi 'yan ganin ɗaki za su gani, shi zai fito a hoto. Sauran kuɗin ki saya mata uku na auduga masu kyau, waɗanda za ta riƙa kwana a kai. Baƙi kwana bakwai za su yi suna zuwa su ɗauke ƙafa, ita kuwa a kan gadon nan za ta kwana kowane dare.

Dalilina shi ne zafin garinmu. Daga Maris zuwa Mayu, zafin Kano yakan haura digiri 40 da rana, ɗakin da aka yi wa rufin kwano kuma ba ya hucewa sai can tsakar dare, ga wuta ba tabbas. Yawancin masu sheƙin nan zaren roba ne, wanda ake kira poliyesta, daga man fetur ake samo shi kamar leda. Ba ya shan gumi. Mutum zai farka cikin dare ya ji bayansa sharkaf, zanen ya manne masa, da safe a ga ƙurajen zafi sun feso. Auduga kuwa tana tsotse gumin, iska ta ratsa ta ta busar. Su kuma duwatsun, gam ne ya riƙe su. Wanki biyu uku sai su fara zubewa, waɗanda suka rage su riƙa kartar jiki.

To yaya za ki gane audugar gaskiya idan kin shiga Kantin Kwari? Kada ki tsaya ga abin da aka rubuta a jikin leda, kuma kada ki tsaya ga rantsuwar yaron shago. Ki ce a buɗe miki. Ki damƙi gefen zanen a tafin hannunki ki matse sosai, sannan ki saki. Auduga za ta yamutse, layukan su zauna. Na roba zai miƙe sumul kamar ba a taɓa shi ba. Mata da yawa suna ɗaukar wannan miƙewar a matsayin inganci, alhali ita ce alamar da ya kamata ta sa su ajiye shi. Daga nan ki murza ƙyallen tsakanin yatsunki. Idan kika ga farin gari yana fita, sitaci aka cika masa don ya yi kauri a hannu, ranar wankin farko zai koma shara-shara. Ki ɗaga shi saitin haske ma: in kina hango ramuka-ramuka tsakanin zaren, saƙar ba ta da ƙarfi.

Gwajin da ya fi kowanne tabbas shi ne na wuta. Ki roƙi mai shago ya bar ki ki zare ɗan zare daga bakin ɗinki, ki fita waje ki kusanta shi da ashana. Auduga tana ci da wuta da warin ƙonanniyar takarda, ta bar toka mai laushi da ke murƙushewa a yatsa. Roba kuwa narkewa take yi, ta dunƙule ta zama ɗan baƙin ƙullutu mai tauri, da warin leda. Wanda ya yarda da kayansa ba zai hana ki ba.

Ki tafi da farin hankici da ruwan leda ɗaya. Ki jiƙa hankicin ki goga a inda launin ya fi duhu, musamman ja da shuɗi mai duhu. In ya ɗauko launi, zanen zai yi zuba, kuma zai ɓata duk abin da aka haɗa shi wanki da shi, har da fararen kayan ango.

Akwai na tsakiya, wanda aka gauraya auduga da roba. Ban ƙi shi ba. Yana saurin bushewa da damina, ba ya neman guga sosai, kuɗinsa ma da sauƙi. In aljihu ya matse, biyu na auduga zalla da ɗaya na gauraye sun wadatar: ɗaya a kan gado, ɗaya a igiya, ɗaya a ninke.

*Anti, na ga wata tana tallar zanen gado a Instagram, ta ce audugar Masar ce, zare 1000. Kuɗinsa ya ninka na kasuwa sau uku. Ina so in yi wa maiɗakina bazata da shi. Ya cancanci kuɗin? (Wani magidanci, Kaduna)*

Malam, Allah ya ƙara danƙon ƙauna. Amma ka dakata kafin ka tura kuɗi.

Wannan lambar, adadin zaren da ke cikin murabba'in inci ɗaya ne, na tsaye da na kwance a haɗe. Zane mai 200 zuwa 400, in audugarsa mai kyau ce, ya isa kowa. Inci ɗaya ba ya ɗaukar zare ba iyaka, don haka masu son rubuta 800 ko 1000 sukan murɗa siraran zaruruwa biyu ko uku su zama ɗaya, sannan su ƙirga kowanne daban. Abin da ke fitowa zane ne mai nauyi da ke riƙe zafi, wanda mu nan ba shi muke nema ba.

Audugar Masar ta gaskiya tana da daraja, saboda gashinta dogo ne, zarenta yakan fito siriri, mai santsi da ƙarfi. Sai dai sunan ya fi kayan yawa a duniya. A 2016 babban kantin Target na Amurka ya yanke hulɗa da kamfanin Welspun na Indiya, bayan ya gano cewa zannuwan da aka kawo masa da sunan audugar Masar ba ita ba ce. In har kanti irin wannan za a iya sayar masa da suna, ka ga hoton waya ba hujja ba ne. Ba na cewa mai tallar ƙarya take yi, ta yiwu ita ma haka aka faɗa mata a inda ta saro. Ka nemi ta yarda ka gani ka taɓa kafin ka biya, ko ku yi magana a rubuce cewa za ta karɓi kayanta in ba su yi ba. In ta ƙi, ka haƙura da shi.

*Kullum sai na tashi na tarar da zanen ya tattare a tsakiyar gado, katifa a waje. Kuma mai shago ya ce min na gado shida da shida ne. (Wata ɗaliba, Zariya)*

Ƙanwata, mai shago ya faɗa miki faɗin gado, bai tambaye ki kaurin katifa ba. Shida da shida na nufin ƙafa shida, wato inci 72 kowane ɓangare. In katifarki mai kaurin inci 10 ce, zanen zai sauka inci 10 ta dama, 10 ta hagu, sannan yana buƙatar kamar inci 6 a kowane gefe da za a cusa ƙarƙashi. In kin haɗa, 104 ke nan. Duk wanda bai kai kusan haka ba, zamewa zai yi ta yi. Ki tuna kuma auduga takan ɗan tsuke a wankin farko, don haka gara ya yi yawa.

Wanda kike da shi ba sai kin yar ba. Ki kai wa tela ya ƙara masa ƙyalle a gefuna, ya ɗinke kusurwoyin huɗu ya sa roba, ya zama mai kama katifa. Nan gaba kuma ki auna katifarki da tef ɗin tela, ki rubuta tsawo da faɗi da kauri a wayarki kafin ki fita kasuwa.

*Na ji ana yabon zanen gadon gwanjo. Babu matsala in saya wa yara? (Maman 'yan biyu, Katsina)*

Babu laifi, Maman 'yan biyu. A gwanjo akan dace da auduga mai kyau wadda sabuwarta ta fi ƙarfin aljihun yawancinmu, kuma ta riga ta yi zubarta da tsukewarta. Ki buɗe shi gaba ɗaya ki duba tsakiya, nan ne yake fara cinyewa. Ki bi bakin ɗinkin da ido: ƙananan baƙaƙen ɗige-ɗige alamar kuɗin cizo ce, wannan ki bar musu abinsu. Wanda kika saya kada ki shiga da shi ɗaki. Daga ledarsa ki zuba shi a bokiti, ki kwara masa ruwan zafi sosai da omo, domin zafin da ya kai digiri 60 yana kashe kuɗin cizo har da ƙwansa. Ki shanya shi a rana ya bushe ƙayau, ki bi shi da guga. In yaran ba su daina fitsarin kwance ba, ki shimfiɗa leda mai kauri a kan katifar tukuna, sannan ki ɗora zanen audugar a sama don kada ledar ta taɓa jikinsu.