Filin Masu Mota: Tsohuwar Ferrari ba ta son zaman gareji

Tun da na ambata a wannan fili cewa ina hawa Ferrari Testarossa ƙirar 1987, wasiƙun da ke zuwa suka karkata ga tsofaffin motocin gudu na Italiya. Na zaɓi huɗu daga ciki. Ta farko za ta ci wuri fiye da sauran, domin abin da mai ita ke shirin yi ni ma na taɓa yin sa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina tanadi domin mallakar Testarossa, ga shi yanzu an nuna mini guda biyu. Ɗaya kilomita 14,000 kacal ta yi, shekara bakwai tana lulluɓe a gareji. Ɗayar ta yi kilomita 68,000, mai ita yana hawan ta kullum, kuma tana da takardun gyara jaka guda. Ta farkon ta fi tsada. Niyyata in ɗauki mai ƙarancin tafiyar in adana ta, in darajarta ta hau in sayar. Me ka gani?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ɗauki ta biyun, in har makaniken da ya san wannan inji ya duba ta ya gamsu. Kuma in ka saya, ka hau ta.

Tawa ta yi shekara shida a ajiye kafin ta zo hannuna. Fenti yana sheƙi, kujerun fata ko lanƙwasa babu. A fita ta uku na ji warin fetur ya cika cikin motar. Na gangara gefen hanya, na kashe, na ɗaga murfin baya, sai ga wani bututun roba ya tsage yana ɗigar da mai kusa da salansa mai zafi. Allah ne ya kiyaye. Babu wanda ya cuce ni, zama ne ya busar da robar. Bayan wannan famfon ruwa ya soma yoyo, birkin baya na dama ya riƙe, tsohon fetur kuma ya bar danƙo a cikin na'urar Bosch mai raba wa silinda mai. Shekarar farko motar ta fi daɗewa a kan jak fiye da kan titi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Robobin da ke tare mai da ruwa a cikin inji suna buƙatar zafi da jiƙewa lokaci zuwa lokaci, in ba su samu ba sai su ƙandare. Man birki yana zuƙar danshi daga iska ko motar tana tafiya ko ba ta tafiya, danshin kuma ya haifar da tsatsa daga ciki. Fetur ɗin zamani da ake haɗawa da itanol yana cin tsofaffin bututun da aka yi tun kafin a san da shi. Mitar da ke gaban direba tafiya kaɗai take ƙirgawa, ba ta ƙirga ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Babban abin da za ka fara nema a cikin jakar takardun shi ne ranar da aka canza bel ɗin taimin. Injin Testarossa silinda 12 ne a kwance, shida dama shida hagu, lita 4.9, da bawul 48. Bel biyu na roba masu haƙora ne ke sa bawul ya buɗe ya rufe daidai da hawa da saukar fistin. Idan ɗaya ya tsinke inji yana aiki, fistin zai daki bawul, kuma gyaran da zai biyo baya shi ne mafi tsada da motar ke iya jawowa. Akasarin masu ita suna canzawa duk shekara 3 zuwa 5, ko sun hau ko ba su hau ba. Wurin da bel ɗin yake yana manne da bayan kujeru, shi ya sa aka saba sauke injin gaba ɗaya tare da giya da ƙafafun baya kafin a kai gare shi. Mota mai shekara bakwai a rufe tana bin ka wannan aiki bashi tun kafin ka murza makulli. Kada ka yarda ko tayar da ita a yi a gabanka.

Sai maganar jari. Na san abin da ke ruɗin mutane: a 2018 an sayar da wata Ferrari 250 GTO a gwanjon Monterey da ke Amurka kan dala miliyan 48.4. Amma 250 GTO guda 36 aka ƙera a duniya, Testarossa kuwa ta haura 7,000. Bayan rasuwar Enzo Ferrari, wanda ya kafa kamfanin, a watan Agustan 1988 farashin motocinsa ya yi tashin gwauron zabi, mutane suka yi rububin saye don su ɓoye, sai kasuwar ta rushe a farkon shekarun 1990, da yawa suka tafka asara. Darajar taka tana iya hawa, tana iya sauka. Abin da ba ya sauka shi ne kuɗin bel, da inshora, da taya, da wurin ajiya marar danshi. In riba kake nema, akwai hanyoyin da suka fi wannan sauƙi. Ni duk mako biyu nake fita da tawa, tafiyar akalla minti 40, har baƙin mai ya yi zafi sosai. Tun da na kama wannan, shekara tara ke nan ba ta sake tsayar da ni a hanya ba.

TAMBAYA: Kawu, ni ɗalibi ne, ban taɓa ganin irin waɗannan motoci ido da ido ba, sai a hoto da bidiyo. Don Allah yaya ake ji in ana tuƙa su? Da gaske ne Lamborghini Countach ba a iya yin ribas da ita sai an buɗe ƙofa?

AMSA: Ɗana, ka yi tambayar da na fi jin daɗin amsawa.

Abu na farko da za ka lura shi ne kusan a ƙasa kake zaune, ƙafafunka a miƙe, kuma sun ɗan karkace zuwa tsakiyar mota domin gidan tayar gaba ya cinye wurin. Sitiyarin ba shi da wani mataimaki, ƙarfin damtsenka ne. Wurin fita daga gareji sai ka sa hannu biyu. Da zarar ta soma gudu kuma sai ya yi sakayau, har kana jin tsakuwar titi a tafin hannunka.

Giyar ita ce abin da ya fi zauna mini a rai. Sandar ƙarfe ce siririya da ke yawo cikin wani faranti mai tsaga-tsaga, kowace giya da gidanta, duk sanda ka shiga sai ka ji ƙas. Giya ta ɗaya tana ƙasa ta hagu, ba sama ba kamar yadda aka saba. Da safe, man giya yana da sanyi, ta biyu ba ta yarda ta shiga. Ba a yi mata dole. Daga ɗaya sai ka tsallaka uku, ka bi ta a hankali, allurar juyin inji ƙasa da 3,000, idonka a kan mitar zafin baƙin mai. Bayan kamar minti 15 za ka ji komai ya saki. A nan ne za ka taka totur, silinda 12 su buɗe murya a bayan kunnenka. A ƙasa gurnani ne mai laushi, yana hawa yana zama ƙara mai kaifi. Ƙarfin doki 390 ne, akwai motocin iyali na yau da suka wuce haka, amma a cikinsu kwamfuta ce ke tsakaninka da taya. A nan babu kowa. Babu na'urar hana birki kullewa, babu mai tare maka zamewa.

Wannan ne ya sa nake girmama kwana. Injin yana zaune a kan giya, nauyin baya ya yi sama. Idan ka shiga kwana da gudu sannan tsoro ya sa ka ɗage ƙafa daga totur farat ɗaya, bayan motar zai nemi ya wuce gabanta. Ana rage gudu tun kafin kwana, a shiga da natsuwa, a fito da wuta. Ga faɗi kuma, kusan mita 2, bayanta ya fi gabanta. Inda hanci ya wuce ba lallai ɗuwawu ya wuce ba. Faɗin yana da dalili: wadda ta gabace ta, 512 BB, lagiretonta a gaba yake, bututun ruwan zafi suna bi ta ƙarƙashin mutane suna gasa su. Sai aka mayar da lagireto biyu gefe da gefe a baya, kamfanin zane na Pininfarina ya yi musu waɗannan dogayen tsagogi na jikin ƙofa da kake gani a hoto. Sunan ma daga injin ya fito. Testarossa da Italiyanci jan kai ke nan, saboda jan fentin da ke kan murafun injin.

Countach kuwa sau ɗaya na tuƙa ta, ta wani abokina ce, samfurin 5000 QV na 1985. Abin da ka ji gaskiya ne. Gilashin baya ɗan siriri ne, kuma a wannan samfurin an ɗora kafireta shida a saman inji, murfin ya yi tozo ya toshe ɗan abin da ake gani. Sai ka ɗaga ƙofar, wadda ke buɗewa sama kamar almakashi, ka zauna a bakin dokin ƙofar, ƙafa tana kan kuloci, hannu ɗaya a sitiyari, kana leƙen baya ta saman rufi. Kulocin yana da nauyin da bayan rabin sa'a a cunkoso cinyata ta soma rawa. Taga rabinta kawai ke sauka, shi ma ɗan kaɗan. Giyar tana tsakanin kujeru biyu, zafinta yana taɓa gwiwar hannu. Amma da muka samu buɗaɗɗen titi na gane abin da ya sa aka yi shekara 16 ana ƙera ta, daga 1974 zuwa 1990. Marcello Gandini ne ya zana ta a kamfanin Bertone, shi ne kuma ya zana Lamborghini Miura da aka nuna a baje kolin motoci na Jeniba a 1966 yana ɗan shekara 27. Ban ambaci shekarunsa don komai ba sai don kai ɗalibi ne.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni makanike ne, shekara 20 ina aikin injin Amurka. Ina sha'awar motar Italiya amma ina tsoron injin da ban saba da shi ba. Akwai mafita?

AMSA: Akwai, maigida, sunanta De Tomaso Pantera. An fara ta a 1971 a Modena, jikin Italiya ne da zanen kamfanin Ghia, amma injin Ford ne mai silinda 8, wanda kuka sani da 351 Cleveland, lita 5.8, giyar kuma ta ZF ce ta Jamus. Kayan injin ba sa wuyar samu, kuma hannunka ya riga ya san shi. Inda za ka sa ido wurare uku ne. Tsatsa, domin jikin da shasin abu ɗaya ne, in ya ruɓe a ƙasa babu abin da ya rage. Sai zafi, saboda lagireto yana gaba inji yana baya, ruwa yana doguwar tafiya, iska kuma tana maƙalewa a bututu in ba a fitar da ita da kyau ba. Na uku giyar, wadda gyaranta kan iya fin na injin tsada. Ka shiga ƙarƙashinta da tocila da ɗan guduma kafin ka kalli fenti.

TAMBAYA: Malam, mahaifinmu ya rasu ya bar mana Ferrari 308 ta 1979. Tayoyinta kamar sababbi, ko zanensu bai goge ba. Yayana yana cewa a bar su. Kuma wai akwai wata takarda da kamfani ke bayarwa?

AMSA: Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta. 'Yar'uwa, ki duba gefen kowace taya, za ki ga haruffan DOT da wasu lambobi a bayansu. Huɗun ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta, misali 2311 na nufin mako na 23 a 2011. In lamba uku kika gani, tayar ta girmi shekarar 2000. Duk wadda ta kai shekara 10 a cire ta, komai kyan zanenta, domin robar ta taurare, ba ta kama titi, musamman in an yi ruwa. Ki gaya wa yayanki haka cikin ladabi. Michelin da Pirelli har yanzu suna yin tayoyin tsofaffin motoci bisa girmansu na asali, a nemi daidai da lambar da ke littafin motar.

Takardar kuwa daga sashen Ferrari Classiche take fitowa, wanda aka buɗe a Maranello, garin kamfanin a Italiya, a 2006. Suna gwada lambar shasi da ta inji da ta giya da abin da ke cikin kundinsu, in sun dace su ba da wani jan littafi na shaida. Lamborghini ma tana da irinsa, Polo Storico, tun 2015. Shaidar tana ƙara wa mota kima in za a sayar, amma ba gaggawa ba ce. Kafin ita a canza bel ɗin taimin, wanda a 308 ana yin sa ba tare da sauke inji ba, a canza bututun fetur da man birki, a wanke kafireta huɗun, a sa abin kashe gobara a bayan kujera inda hannu zai kai. Duk wata takarda da Baba ya ajiye, ko rasidin fulogi ne, kada a zubar. A haɗa su cikin jaka ɗaya bisa jerin shekaru.