Na gurza littafi na raba wa ɗalibai, lauyan kamfanin ɗab'i ya aiko min da takarda

Tambaya: Barista, ni malamin lissafi ne a wata sakandare mai zaman kanta a Kano. Littafin da muke aiki da shi ya yi tsada, iyaye sun kasa saya, sai na gurza shi dukkansa, na ɗinke kwafi 80, kowane ɗalibi ya ba da kuɗin takarda da ɗan abin da ya hau. Yanzu lauyan kamfanin ya ba ni kwana 14 in biya diyya ko mu haɗu a kotu. Ai na ji an ce abin da aka yi don ilimi doka ba ta hana ba, kuma ban goge sunan marubucin ba.

Amsa: Malam, ban ga wasiƙar ba, ban ga littafin ba, don haka abin da zan faɗa ya tsaya ne a kan abin da ka rubuto.

Wannan magana ta "don ilimi ne" ta jefa malamai da yawa cikin rigima. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023 ta maye gurbin ta 1988, ta yi wa koyarwa da bincike rangwame, gaskiya ne. Amma rangwamen yana da iyaka. Sashe na 20 ya ce a duba dalilin da ya sa aka kwafa, da irin aikin, da yawan abin da aka ɗiba, da kuma ko kwafin ya taɓa kasuwar mai littafin. Da shafi biyu ko uku ka cira don darasin ranar, ka ambaci marubucin, da ina da abin faɗa a madadinka. Kai kuwa tun daga bango har bango ka ɗauka, kuma littafin makaranta ne, wanda ɗalibai su ne kasuwarsa. Lauyansu zai ce kwafi 80 ciniki 80 ne aka hana su. Ga kuma "ɗan abin da ya hau", wanda shi ya fi damuna, domin sayar da kwafin da ba a ba da izini ba yana iya tashi daga ƙarar diyya ya koma laifi.

Barin sunan marubuci daidai ne, sai dai ba izini ba ne. Kada kuma ka dogara da cewa ba su yi rajista ba. Haƙƙin yana tabbata ne tun da aka rubuta aikin, kuma yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubucin.

Duk da haka kada kwana 14 ɗin ya hana ka barci. Wa'adin lauya ne, ba na doka ba, kuma ba kasafai adadin da ake rubutawa a irin waɗannan wasiƙu yake zama abin da kotu za ta bayar ba. Sai sun nuna cewa haƙƙin yana hannunsu, sannan su je Babbar Kotun Tarayya, domin ita ke da hurumin irin wannan shari'a. A ganina kamfanin da ya san ciniki ba zai so ya kashe kuɗin da ya ninka na littattafai 80 yana bin malamin makaranta ba, alhali makarantar da zai iya sayar wa littafi duk shekara tana nan.

Ka daina gurzawa yau, kada ka tura hotonsa a WhatsApp, kuma kada ka ƙone ragowar kwafin. Ka sanar da hukumar makaranta, don mai yiwuwa ita ma abin ya shafe ta. Ka sami lauya ya rubuta musu amsa ba tare da amsa laifi ba, ya nemi zaman sulhu: a miƙa ragowar, makaranta ta sayi na asali a farashin sari, ko a karɓi lasisin gurzawa daga REPRONIG, ƙungiyar da ke ba da izinin gurza littattafai a madadin marubuta da kamfanonin ɗab'i. Kafin nan, kada ka kira lauyansu a waya kana ba da haƙuri, kuma kada ka sa hannu a kan komai.