Amsa ga ɗana kan ɗan agwagwar da ya ƙi ci

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya iso, na karanta shi har sau biyu. Ina fata kana lafiya, kai da iyali.

Ka ce ɗan agwagwar da aka ba ka yau kwanansa 16, shi kaɗai ne a cikin kwali, abinci sai dai ya ɗan tsattsaga ya bari, kuma mako guda ke nan idonka bai ga ya ƙaru ba. Ka ce kana jiƙa masa burodi da dusa, kana tsoma shi a baho kowace safiya, domin haka ka ji manya suna faɗa: agwagwa ba ta da laulayi, a sake ta a ruwa, a watsa mata abin da ya samu, za ta girma da kanta. Kana tambaya ko haka al'adar kiwon take, ko kuwa akwai abin da ba a gaya maka ba.

Haka take, kuma manyan ba ƙarya suka yi maka ba. Abu ɗaya suka bari ba su ambata ba, saboda a wurinsu ba ya bukatar faɗa: 'ya'yan agwagin da suke magana a kansu suna bayan uwarsu ne. Ita ke rufe su da fiffike idan sanyi ya sauko. Ita ke shiga ruwa da su, ta fito da su kafin su jiƙe sharkaf, ta kwanta a kansu har su bushe. Ita ke jan su cikin ciyawa suna tsintar ƙwari da tana da ɗanyen ganye tun safe har yamma, ta yadda ɗan abin da mai gida zai watsa musu ƙari ne kawai a kan abin da suka samo. Mutum ya ga haka sai ya ce ba su da wahala. Ai wahalar tana nan, uwa ce ta ɗauke masa. Naka ba shi da uwa, don haka duk wannan aiki ya dawo kanka.

Fara da ɗumi kafin ka taɓa maganar abinci, domin ɗan agwagwar da ke jin sanyi ba ya ci, ɗan abin da ya ci ma a wajen ɗumama jiki yake ƙarewa. A makon farko yana son zafi kamar digiri 32 a ma'aunin salshiyos, sannan a riƙa ragewa da kamar digiri 3 kowane mako. A kwanakin da naka yake ciki, wajen 26 ya ishe shi. In ba ka da ma'auni, shi da kansa zai nuna maka. Ka rataya kwan fitila mai ɗumi a gefe ɗaya na kwalin, ka bar ɗaya gefen babu, ka koma ka zauna ka zuba ido. In ya manne a ƙarƙashin fitilar ya dunƙule yana kuka ba ƙaƙƙautawa, sanyi yake ji. In ya gudu can lungu ya buɗe baki yana haki, zafin ya yi yawa, ka ɗaga fitilar sama. Wanda ya samu daidai za ka gan shi yana kai da komowa, in barci ya ɗauke shi ya miƙe wuya ya saki ƙafa. Shimfiɗarsa kuma kada ta kwana da danshi, kuma kada ta zama mai santsi kamar leda ko takardar jarida, tana sa ƙafafu su baje.

Wankan safe kuwa ka dakatar da shi daga yau. Na san yadda yake faranta rai a ga ɗan abin yana facal-facal a baho, amma gashin da ke jikinsa yanzu laushi ne kawai, yana shan ruwa kamar auduga. Gashin da ruwa ba ya ratsawa sai ya kai mako 7 zuwa 8 yake cika. Mai ƙoshin lafiya ana iya barinsa ya yi wasa na 'yan mintoci a ruwa mai ɗumi marar zurfi, ana tsaye a kansa, a goge shi a mayar da shi gindin fitila. Marar ƙarfi irin naka, kowane wanka rage masa ƙarfi yake yi.

Ruwan sha shi ne wanda ba a raba shi da shi ko na awa ɗaya. Ka lura da yadda agwagwa take ci: ta ɗebi abinci, ta ruga ta tsoma baki a ruwa, ta dawo. Da ruwan take haɗiyewa, da shi take wanke kafofin hancinta da idonta. In ruwan ya yi nisa, ko ya yi ƙasa har ba ta iya nutsa baki ya rufe hanci, abinci yana maƙale mata, sai ta daina ci. Ka samo mazubi mai zurfin da zai nutsa kansa amma jikinsa ba zai shiga ba. Ni roba mai murfi nake hudawa a sama daidai shigar kai, in ajiye ta dab da abincin.

Yanzu ga abincin, kuma a nan nake zaton matsalarka ta fi yawa. Burodi cika ciki yake yi, ba ya gina jiki, dusa ita kaɗai ma ba ta kai ba. Ka duba girman aikin da jikin nan yake yi: irin farar agwagwar nan ta nama da ake kira Pekin tana fitowa daga ƙwai da nauyin da bai fi giram 50 zuwa 60 ba, cikin mako 7 ta kai wajen kilo 3. Abin da zai yi irin wannan girma yana bukatar abinci mai furotin, wato sinadarin gina jiki, kashi 20 zuwa 22 cikin 100 a makonni biyun farko, daga nan a sauko zuwa wajen 16 zuwa 18. Ka nemi haɗaɗɗen abincin 'ya'yan agwagi, in babu ka ɗauki na 'yan tsaki. Na kajin da ke yin ƙwai kada ka ba shi, sinadarin ƙarfafa ɓawon ƙwai da ke cikinsa ya yi wa ƙodar ƙaramin tsuntsu yawa.

In na 'yan tsakin ka samu, akwai gyara guda. Ɗan agwagwa yana bukatar wani sinadari da ake kira niyasin, wato bitamin B3, kusan ninki biyu na abin da ɗan tsako yake bukata. Waɗanda ke bin uwarsu suna samunsa a ƙwari da tsirrai ba tare da kowa ya sani ba, shi ya sa a da ba a san da zancensa ba. Na cikin kwali kuwa in ya rasa shi, girmansa ke fara tsayawa, sai ka ga ya taka kaɗan ya zauna, ƙafafun suna rawa, daga baya su gwame, gwiwa ta kumbura. Ka sa shi a ƙasa ka kalli tafiyarsa da kyau. Maganin ba shi da wuya in an tare shi da wuri: bitamin B na ruwa daga wurin likitan dabbobi, ko busasshen yis da ake yi don ƙarin abinci, kamar cokali ɗaya a kofin abinci. Ban ce yis ɗin kumbura burodi ba, wancan daban ne. In aka bari ƙashi ya riga ya lanƙwashe, ba ya komawa daidai.

Yadda za ka jawo shi ya ci kuwa, ka dama abincin da ruwa mai ɗumi ya yi laushi, ka marmasa dafaffen ƙwai kaɗan a ciki. Ka riƙa ƙwanƙwasa bakin farantin da yatsa kamar tsattsagar tsuntsu, sau da yawa za ka ga ya matso yana leƙe. Ka yayyanka ɗanyen ganye ƙanana-ƙanana ka zuba a ruwan shansa, abin da ke yawo a kan ruwa yana tayar musu da kwaɗayi fiye da wanda ke kwance a faranti. Da zarar ya fara cin ganye, ka ajiye masa ɗan yashi mai tsabta, da shi ƙundunsa yake niƙa. In ya yi laushi ƙwarai, ka sa sukari kaɗan a ruwan na yini ɗaya, ka tsoma ƙarshen bakinsa ka sake shi ya haɗiye da kansa. Kada ka buɗe bakin ka ɗura masa, ruwan yana iya bi ta hanyar numfashi ya shaƙe shi a hannunka.

Akwai abin da nake so ka ji daga bakina, domin ni ya faru da ni. Wata shekara na ajiye buhun abinci a ƙasa a ɗaki mai danshi. Da na buɗe na ga ya ɗan dunƙule a gindi, da wani wari kamar na tsohon rami, na ce ai ba a zubar da abinci, na farfasa na ba su. Kajin gidan suka ci suka tashi. 'Ya'yan agwagin kuwa suka daina ci, suka tsaya cak ba girma, cikin 'yan kwanaki na riƙa tsintar gawa da safe. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, domin da hannuna na zuba musu. Daga baya na san cewa funfuna tana fitar da wata guba mai suna afalatoksin wadda ke lalata hanta, kuma a cikin tsuntsayen gida babu wanda take saurin kayarwa kamar ɗan agwagwa. An gano ta ne bayan shekarar 1960, lokacin da talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila saboda tunkuzar gyaɗa mai funfuna da aka shigo da ita daga Burazil. Don haka ka shinshina dusar da kake ba shi. In ka ji ko alamar wari, zubar da ita. Wanda ka dama ma kada ya wuce 'yan awoyi a faranti, ka riƙa yin kaɗan-kaɗan kana wankewa.

Sai kaɗaici, wanda mutane suka fi rainawa. Agwagwa tsuntsuwar garke ce, ɗanta in ya ga ɗan'uwansa yana ci shi ma sai ya sa baki. Na ga wanda ya yi kwana da kwanaki yana kuka ya ƙi abinci, ranar da aka kawo masa na biyu ranar ya fara ci. In da hali ka samo masa aboki sa'ansa mai lafiya. Kafin nan ka jingina ƙaramin madubi a kwalin, ka sa masa wani tsumma mai laushi da zai raɓa ya kwanta.

Batun girma kada ka dogara da ido, domin wanda kake gani kullum ba ka ganin ƙaruwarsa. Ka riƙa ɗora shi a ƙaramin sikeli kowace safiya kana rubutawa. Ka kuma san irinsa: agwagwar nan mai jan fuska da ake kira Maskobi ta fi Pekin jinkirin girma, macenta kuma ta fi namijin ƙanƙanta nesa ba kusa ba, don haka kada ka gwada shi da na wani. Abin dubawa shi ne nauyin yau ya ɗara na jiya.

In ka gyara waɗannan duka kwana 2 ko 3 sikeli bai motsa ba, ko ka ga yana numfashi da baki buɗe alhali babu zafi, ko ido da hanci suna ruwa, ko zawo kore ko fari, ko wuyansa ya saki, ko yana faɗuwa gefe yana shure-shure kai ya karkata baya, to ya wuce na gida, ka kai shi wurin likitan dabbobi a ranar. Ƙaramin tsuntsu ba ya jinya mai tsawo. Kada ka fasa masa kafson mutane a ruwa kamar yadda wasu ke yi, ba ka san cutar ba, ba ka san ma'aunin ba. Ka riƙa wanke hannu da sabulu bayan ka taɓa shi, yaran ma haka, kuma kada su riƙa kai shi baki.

Bayan kwana 3 ka rubuto mini nauyin da ka samu kowace rana, da yadda kashinsa yake, da yadda yake taka ƙafa. Ka gaida mahaifiyarka da kyau.

Kawunka.